Ƙanena na Agege da ke son zuwa Ingila ya ci abinci da sitiyari

Na saurari saƙon muryar da ka turo, kuma tunda irin tambayar da yaran unguwa ke ta yi min ce daga Agege har Idi Araba, bari in amsa a nan kowa ya karanta. Ka ce tun da aka hana acaba a wasu sassan Legas a 2022 ka koma tuƙin Bolt da motar wani, hannunka ya faɗa, kana neman bizar karatu, in ka sauka za ka riƙa ɗan jan tasi da yamma kana biyan kuɗin makaranta. Ka kuma ce wai ka ji a nan komai da kyamara ake yi, ba mai zaluntar ka a jarrabawar tuƙi.

Maganar tasi ka cire ta daga ranka tun yanzu. Bizar ɗalibi awa 20 a sati ta yarda ka yi aiki lokacin karatu, kuma ta hana ka aikin cin gashin kanka, Uber kuwa a nan ɓangaren yake. Ko ba wannan ba, a Landan sai ka shekara 3 da cikakken lasisin nan kafin su ba ka izinin ɗaukar fasinja. Lasisin Najeriya wata 12 kawai za ka yi tuƙi da shi, ba a musanya shi da nasu, daga nan sai ka koma ɗan koyo kamar wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba. Lasisin koyo fam 34 ta intanet, jarrabawar kwamfuta fam 23, ta kan titi fam 62 a ranakun aiki, malamin tuƙi kuma awa ɗaya sama da fam 30 kuma ba awa biyar ko goma za ka yi ba, ka buga wannan da canjin naira na yau ka gani. Sannan samun ranar jarrabawar ma sai ka yi watanni kana jira.

Yanzu maganar kyamara, wadda ita ce ta sa na zauna rubutu don har yau abin yana ci min rai. Wallahi ba haka ba ne. A jarrabawar tuƙi ta Ingila an hana ɗaukar bidiyon cikin mota, an hana naɗar murya, in motar tana da kyamarar inshora sai dai ta kalli titi kuma a kashe sautinta, in ba haka ba mai gwaji ya tsayar da jarrabawar kuɗinka ya tafi. Tun 2023 masu gwajin suna rataya ƙaramar kyamara a ƙirji, amma don kare kansu ne daga masu zagi da barazana, ba a karɓar hotonta a matsayin hujjar cewa an kayar da kai ba daidai ba. Kai da shi ne a mota kusan minti 40, yana danna allonsa kana tuƙi, abin da ya danna shi ke nan.

Ni an taɓa kayar da ni a kan abin da na san na yi. Ya ce in faka a gefen hagu, na faka, ya ce in tashi, na duba madubin tsakiya, na duba na dama, na juya wuyana na leƙa ta kafaɗa har na ga wata mata da keken jariri tana tsaye a ƙofar gidanta, na ba da sigina na fita. Da muka dawo ya ce ban leƙa ba, babban kuskure, ka faɗi. Ƙananan kurakurai har 15 ana yafewa amma babba guda ɗaya ya isa. Na ce masa na leƙa, ya ce shi bai gani ba, ya buɗe ƙofa ya fita. Na zauna a motar hannuna yana rawa, ni da na yi shekaru ina ratsa Oshodi tsakanin danfo da tirela ban taɓa goge motar kowa ba. Na bincika hanyar ƙorafi, ashe ko kotu ka je ba za ta mayar da faɗuwa ta zama ci ba, iyakarta in ta ga ba a bi ƙa'ida ba a maida maka kuɗinka ko a sake maka kyauta.

Abin da ya fi ciwo ba kuɗin ba ne, zargin da ke shiga zuciya ne. Ka kwana kana tunanin ko fatata ce, ko yadda nake Turanci, ko kuma bawan Allah idonsa yana kan allo ne lokacin da na juya. Ba zan ɗora masa wariya ba tunda ba ni da shaida, kuma rashin shaidar nan shi ne matsalar gaba ɗaya. Da akwai bidiyo na minti ɗaya da magana ta ƙare, ko a nuna min ko a nuna masa. Kuma ba mu kaɗai zai amfana ba, na sha zama da 'yan uwanmu a masallaci bayan Juma'a kowa ya faɗi sai ya ce wariya ce, alhali wasu na shiga motarsu na ga yadda suke kutsawa shataletale irin na gida, hanci gaba sai wani ya taka birki. Wannan in aka kunna masa bidiyonsa shiru zai yi ya koma ya koya, shi ma mai gwajin ya huta da zargi. A Dubai gwajin fakin da na hawan tudu kyamarori da na'urori ne ke aunawa a cikin fili, a Delhi ta Indiya ma akwai filayen gwaji irin haka, to me zai hana a nan. Suna cewa sirrin mutane, ni dai ban gamsu ba, ƙasar da bas da jirgin ƙasa da kanti duk kyamara ce.

Mu kuma a gida mun fi kowa buƙatar wannan. A takarda tsarin yana nan, ka je makarantar tuƙi mai rajista, jami'an duba motoci na VIO su gwada ka, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC su ɗauki hoto da yatsu. Amma kai da bakinka ka ce ejan ka bai wa kuɗi da fasfo lasisi ya zo, ba wanda ya zauna kusa da kai ya ga tuƙinka. Ba kai kaɗai ba ne, shi ya sa ba na yi maka faɗa, amma ka tuna mai tankar da ke bayanka a gangaren gadar Otedola wataƙila shi ma haka ya samu nasa. Da doka ce ba a buga lasisi sai da bidiyon gwajin mai shi, fuskarsa a bayan sitiyari da rana da lokaci, da kasuwar ejan ta mutu, talakan da ya iya tuƙi ba ya da na cin hanci ya samu haƙƙinsa, wanda bai iya ba ya koma makaranta kafin ya kashe 'ya'yan mutane.

In dai karatun ne da gaske ka zo, Allah Ya ba da sa'a, amma da kuɗin makaranta a hannu. In lokacin jarrabawa ya yi ka ce malaminka ya zauna a kujerar baya, doka ta yarda, ba zai yi magana ba amma ido ne na biyu, ni ranar da na ci haka na yi. Ka riƙa juya kai sosai in za ka duba madubi yadda ba wanda zai ce bai gani ba. Ka yi da mota mai giya, don in ka ci da otomatik ita kaɗai lasisin zai ba ka. Ba tafinta tun 2014, don haka ka gyara kunnenka da Turancinsu. Hon kuma ka manta da shi, kuma a hagu ake tuƙi, hannunka zai yi ta neman giya a jikin ƙofa kafin ya saba. Kada wani ya ba ka mota ba inshora, tarar fam 300 ce da makin laifi 6 a kan lasisinka, sabon direba kuma maki 6 a shekara 2 na farko ƙwace lasisi ne.

Alhamdulillah ni yanzu da lasisin nan nake ciyar da iyalina ina aika wa Hajiya, ba maki ko ɗaya a kansa, kuma ba wanda na ba ko fam ɗaya a bayan fage. Kafin ka biya kowa kuɗin biza ka turo min takardar makarantar in duba ko tana cikin jerin waɗanda gwamnati ta yarda su ɗauki ɗalibai daga waje. Ka gaida Baba da mutanen gida.