Annobar 1347 Zuwa 1351: Yadda Ta Yaɗu Da Abin Da Ta Bari A Baya

Tambaya: Malam, na karanta cewa a ƙarni na 14 an yi wata annoba da Turawa ke kira Baƙar Mutuwa, wadda ta hallaka miliyoyin mutane daga Asiya har Turai. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ta yaya cuta ta game ƙasashe haka a zamanin da babu mota balle jirgin sama? Kuma shin gaskiya ne, kamar yadda wani malaminmu ya faɗa, cewa talakawan da suka tsira sun ci ribar abin?

Amsa: Cutar ita ce wadda littattafan Larabci ke kira ɗa'un, kuma wata ƙwayar cuta ce ke haddasa ta, wadda likita Alexandre Yersin ya gano a Hong Kong a 1894. Asalinta cutar ɓeraye ce da danginsu na daji, ƙuma kuwa ita ce ke ɗaukar ta daga wannan jiki zuwa wancan. Idan ɓerayen gida suka mutu, ƙumar da ke jikinsu sai ta koma kan mutane. Wanda ta ciza yakan kwanta da zazzaɓi mai zafi, kaluluwa ta fito masa a hammata ko matsematsi ko wuya, kuma fiye da rabin waɗanda suka kamu a wancan zamani ba sa tashi. Idan cutar ta shiga huhu abin ya fi muni, domin daga nan tari kaɗai ya isa ya kai ta ga na kusa, kuma da wuya a ga wanda ya tsira.

Amsar tambayarka ta farko tana cikin fatauci. Alama mafi daɗewa ta wannan annoba da aka tabbatar ita ce ta wasu kaburbura a kusa da tafkin Issyk-Kul, a ƙasar Kirgistan ta yau, masu ɗauke da shekarun 1338 da 1339, inda binciken da aka wallafa a 2022 ya samo ƙwayar cutar a haƙoran mamatan. Mulkin Mongol ya riga ya haɗe hanyoyin ayari daga Sin har gaɓar Baƙin Teku, inda fataken birnin Janowa na Italiya suke da tashar ciniki a Kaffa. Akwai sanannen labari cewa rundunar Jani Beg, wani sarkin Mongol, da ta yi wa Kaffa ƙawanya a 1346 ta riƙa cilla gawarwaki cikin gari, amma wanda ya rubuta shi bai kasance a wurin ba, kuma ni na fi gamsuwa da bayanin da ya fi sauƙi, wato jiragen hatsi. Inda alkama take nan ɓera yake, ƙuma kuma tana iya yin makonni a cikin buhu ko ƙunshin tufafi tana jiran jini. Da haka cutar ta isa Kustantiniyya (Istanbul ta yau) a 1347, ta sauka Messina a tsibirin Sisili a watan Oktoba, ta shiga Iskandariyya a ƙarshen wannan shekara. A 1348 ta mamaye Italiya da Faransa da Andalus da Tunis da Sham da Alƙahira, ta ƙetara Ingila da bazara, a 1349 kuma ta kai Makka. Jirgin ruwa ne yake tsallakawa da ita daga tasha zuwa tasha, daga nan ta bi koguna da hanyoyin kasuwa a hankali zuwa ƙauyuka. Wani likitan Almeriya a Andalus, Ibn Khatima, ya lura cewa masu sayar da tufafin gwanjo da shimfiɗun mamata a kasuwar garinsu kusan duk sun mutu, alhali sauran 'yan kasuwa ba su yi irin wannan asara ba.

Masana tarihi suna ƙiyasta cewa Turai ta rasa tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin mutanenta, Masar da Sham kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku. Masanin tarihi Ibn Khaldun ya rasa iyayensa biyu da malamansa da dama a Tunis yana saurayi. Al-Maƙrizi, marubucin tarihin Masar, ya ruwaito cewa a Alƙahira makara da likkafani sun yi ƙaranci, mutane suka bar sana'o'insu suka koma wankan gawa da ɗaukar makara da karatu a kan mamata saboda tsadar lada, har ana biyan mai haƙa kabari dirhami 50, sai dai yawancinsu sun mutu kafin su mori kuɗin.

Yadda jama'a suka karɓi abin ya sha bamban. Matafiyi Ibn Baɗɗuɗa yana Dimashƙa a watan Yuli na 1348, ya kuma ga gwamnan birnin ya ba da umarnin azumin kwana uku, bayansa mutane suka fita ba takalmi zuwa wani masallaci a kudancin gari, Musulmi riƙe da Alƙur'ani, Yahudawa da Attaura, Kiristoci da Linjila, mata da yara duk suna kuka suna addu'a. A wasu garuruwan Turai kuwa sai aka yaɗa ƙaryar cewa Yahudawa ne suka zuba guba a rijiyoyi. A Strasbourg, a ƙasar Faransa ta yau, an ƙone ɗaruruwansu a watan Fabrairu na 1349, tun ma cutar ba ta shiga garin ba, aka kuma yafe wa mutane bashin da Yahudawan ke bin su, wanda hakan ya nuna inda gizo ke saƙar. Fafaroma Clement na Shida ya fitar da takardu yana hana wannan zalunci, yana mai cewa su ma Yahudawan suna mutuwa kamar kowa, amma ba a saurare shi ba. A ɓangaren malaman Musulunci an yi ta muhawara a kan ko cuta na yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ana kafa hujja da hadisin da ya hana shiga ƙasar da ake annoba ko fita daga cikinta, da kuma juyawar Sayyidina Umar daga hanyar Sham lokacin annobar Amwas. Ibn al-Khaɗib, wazirin Garnaɗa a Andalus, ya tsaya kai da fata cewa gani da ido ya tabbatar da yaɗuwarta ta tufafi da kwanuka da saukar jiragen ruwa.

Maganar malaminku tana da gaskiya, amma a wasu wurare kawai, kuma ba cikin ruwan sanyi aka sami ribar ba. A Ingila gonaki sun yi yawa, hannuwa sun yi kaɗan, don haka ɗan ƙodago ya sami bakin cewa ba zai yi aiki a tsohon farashi ba, in an ƙi kuwa ya wuce gonar gaba. Sarki Edward na Uku ya kafa doka a 1349, majalisa ta ƙarfafa ta a 1351, cewa a mayar da lada yadda yake kafin annoba, a kuma hukunta wanda ya nemi ƙari. Masu gonakin da kansu suka riƙa karya dokar, domin kowannensu ya gaji ƙasarsa yana zaune a kanta, kuma ya gwammace ya biya da tsada da ya ga alkamarsa ta lalace a gona. Matsin dokar da harajin kai da aka ƙaƙaba daga baya suka haifar da boren manoma na 1381. An murƙushe boren, amma cikin ƙarni guda tsarin da ya ɗaure manomi a gandun ubangidansa ya kusan gushewa a Ingila, talaka ya fara cin nama a kai a kai.

A Masar labarin ya juye, ko da yake cutar ɗaya ce. Noman ƙasar ya dogara ne kan ambaliyar Nilu, wadda sai an yashe magudanai an gyara madatsu duk shekara kafin ruwan ya shiga gonaki daidai, aikin da ke buƙatar dubban mutane. Ƙasar kuma tana hannun sarakunan yaƙin Mamluk ne, waɗanda ke zaune a Alƙahira suna karɓar harajin yankin da aka ba su na ɗan lokaci, ba su gada ba kuma ba za su gadar ba, saboda haka babu abin da zai sa su kashe kuɗi a kan madatsar da gobe za ta koma hannun wani. Al-Maƙrizi ya ce lokacin girbi sojoji sun fita ƙauyuka suna shelar cewa duk wanda ya yanke amfanin gona ya ɗauki rabi, ba su sami kowa ba. Da kuɗin shiga ya ragu, sai sarakunan suka haɗa kai suka ƙara matsa wa manoman da suka rage, su kuwa suka tsere birane, magudanai suka cike da laka, makiyaya suka shigo gonakin da aka bari. Annobar ta ci gaba da dawowa Masar kusan duk bayan 'yan shekaru, kuma har Usmaniyawan Turkiyya suka ci daular Mamluk a 1517 noman ƙasar bai koma yadda yake kafin 1347 ba.