Tambayi Likita: Flagyl ya daina yi wa yarona aiki

Tambaya: Salam Likita, dan Allah yarona ɗan shekara ɗaya da rabi ne, duk sanda ya fara zawo sai in aika kyamis ɗin bakin layinmu a kawo min Flagyl da Septrin na ruwa, in ba shi kwana biyu ya tsaya in ajiye sauran. To wannan karon har kwalba ta ƙare ba sauƙi. Jabu aka sayar min ko jikinsa ne ya saba? Daga wata uwa, Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Jabu kam akwai a kasuwa ban musa ba, amma ba can hankalina ya tafi ba. Ba jikinsa ne ya saba ba, ƙwayoyin cuta ne ke sabawa, duk sanda kika ba shi antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su Flagyl da Septrin ɗin nan, sai masu rauni su mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, ranar da ake buƙatar maganin da gaske sai ya zama kamar ruwa aka ba shi. Kuma ba a cikinsa za su tsaya ba, ta hannu da kwano da fo za su tsallaka wa yayyensa. A 2019 kaɗai irin waɗannan ƙwayoyin sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma abin ya fi muni a nan Afirka ta Yamma.

Abin da ya fi damuna ma, yawancin zawon ƙananan yara bairos ne ke kawo shi, wato wani nau'in ƙwayar cuta na daban, irin su rota, shi kuwa antibayotik ko gezau ba ya yi wa bairos. Tsayawar nan da kike gani bayan kwana biyu, wallahi da kansa yake tsayawa, Flagyl ya sha yabo a banza. ORS yake buƙata, wato haɗin gishiri da sukari na leda, ki haɗa yadda aka rubuta a jikin ledar, sai ƙwayar zinc kullum kwana 10 zuwa 14, nono da abinci kar ki dakatar.

Amma tunda ya ja lokaci haka, ki kai shi asibiti yau ba gobe ba, balle in akwai jini a kashin ko idonsa ya faɗa ko ya ƙi shan komai. Ki tafi da kwalaben ki nuna. In an ga dole sai antibayotik, a duba kashin a lab tukuna in da hali, wanda aka rubuta ki ba shi daidai awa da kwanakin da aka ce, kar ki rage ki ajiye don wani karon.