Waifar 504 Tana Jan Ƙafa: Kada Ka Fara da Injin

Sani, ka ce waifar Peugeot 504 ɗin Alhaji tana tafiya da ƙyar, tana barin jirwaye a gilashi, don haka mu sayo injin waifar motar Japan a kasuwar Ƙofar Ruwa mu ɗaura. Ajiye sifana tukuna. Injin shi ne abu na ƙarshe da za mu taɓa, kuma galibi ba shi ne mai laifin ba.

A garin nan waifa tana kwance kusan wata bakwai ba ta ga ruwa ba. Rana ta gasa robar har ta ƙandare, ƙurar hunturu ta taru a ƙarƙashinta, direba kuma ya kunna ta a busasshen gilashi wai zai share ƙura, yashi ya yi ta kankarar gilashin. Ka bi bakin robar da yatsa, in ka ji kaushi ko tsaga, ta gama yayi. Ka sayo daidai tsawon ta asali. Wasu na ƙara tsawo don ta share da faɗi, alhali nauyi suke ƙara wa injin. Gilashin ma ka wanke shi sosai, don hayaƙin motoci na barin maiƙo a kansa. Fetur ko kananzir kada su taɓa robar.

Sai hannun waifar. Ɗaga shi ka ji ƙarfin sifirin. In ba ya danna robar sosai, ko sabuwa fil ka sa ba za ta share ba. In kuma tana karkarwa wajen hawa amma tana saukowa lafiya, hannun ne ya murɗe. Ana so robar ta tsaya cak a kan gilashi, ta riƙa juya baki duk zuwa da dawowa. Sifana biyu sun isa ka ɗan murɗo shi, a hankali.

Inda nake so ka natsu shi ne ƙarƙashin gilashin, wurin sandunan da ke kai motsi daga injin zuwa hannuwa. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, an kuma daina 504 a 2006, ka ga ko autarsu ta kwana biyu. Giris ɗin da ke cikin gaɓoɓin nan ya haɗu da ƙura ya zama kamar busasshen tuwo. Cire sandar daga jikin injin, ka motsa hannuwan da hannunka. Ya kamata su tafi sumul. In sai ka sa ƙarfi, to ƙusoshin da hannuwan ke juyawa a kansu sun yi tsatsa a cikin gidajensu. Zare su, ka goge da sanfefa mai laushi, ka sa sabon giris, bushin da ya cinye ka canza. Sabon injin da aka ɗaura wa sandunan da suka cije, damina ɗaya ba zai kai ba zai ƙone.

Daga nan ɗauko mitar auna wuta. Ta da mota, ka jiƙa gilashi, ka kunna waifa. Batir zai nuna wajen volt 14. Auna a bakin injin waifar. In ka ga 11 ko ƙasa, wuta na zubewa a hanya: makunni ya tsufa, gidan fiyus ya yi kore, ko wayar da ke haɗa injin da jikin mota ta yi tsatsa. Kankare wurin har ƙarfe ya fito fari, ka ɗaure tam. In makunnin ne ya gaji, rewaya ya sa rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa, wuta ta zo kai tsaye daga batir ta fiyus. Kuma ka kula, Volkswagen Beetle ta kafin 1967 wutarta volt 6 ce, ba 12 ba, ka tambayi shekarar mota kafin ka jona komai.

In wata rana tsohuwar Land Rover ta shigo mana, waifarta da igiyar ƙarfe take aiki a cikin bututu. Gefe ɗaya ke cinyewa, sai a zare ta a juya ɗaya gefen, a sa giris a mayar.

Sai duk wannan ya wuce za mu buɗe injin: mu duba kabon da ke kai wuta cikin injin, mu goge tagullar da yake gogawa a kai, mu sabunta giris a haƙoran, mu tsaftace ɗan makunnin da ke mayar da waifa mazauninta in an kashe. Na motar Japan da ka ce, tsawon ƙugiyarsa daban, jona wayoyinsa daban. Ko waifar ta riƙa dukan gefen gilashi, ko ta tsaya a tsakiyar idon direba, ko fiyus ya yi ta ƙonewa. In canji ya zama dole, na 504 za ka nemo, ka tafi da tsohon a hannu, a gwada maka a batir kafin ka biya.

Tankin ruwan wanke gilashi ma kada ka manta da shi. Bakin feshin ka zura masa allura, ka saita shi tsakiyar gilashi, ka cika da ruwa mai tsabta. Ka gaya wa direban Alhaji ya daina zuba omo a ciki, toshe bututun yake yi.