Filin Tambaya da Amsa: Daga Ina Kalmar "Firdausi" Ta Fito?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Allah Ya albarkace ni da 'ya mace, na raɗa mata suna Firdausi. Bayan suna wani abokina mai ilimin harsuna ya ce mini asalin kalmar ba Larabci ba ne, daga harshen mutanen Farisa na dā ta fito, kuma ma'anarta ta farko ba ta da alaƙa da Aljanna. Maganar ta tsaya mini a rai, domin na san kalmar tana cikin Alƙur'ani. Shin gaskiya ya faɗa? Idan gaskiya ne, ta yaya kalmar Majusawa ta zama sunan mafi ɗaukakar Aljanna?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya raya Firdausi, Ya sa ta ci sunanta. Abokinka bai yi maka ƙarya ba, sai dai ya ba ka kan labarin ne ya riƙe gangar jikinsa, kuma ina ganin da ka ji shi gaba ɗaya da hankalinka ya kwanta.

Ɗaya daga cikin mafi daɗewar siffofin kalmar da aka sani tana cikin Abesta, littafin addinin Zaradashtawa, wato Majusawa, wanda aka tsara da wani tsohon harshe na dangin harsunan Iran. A can an rubuta ta "pairi-daeza", kuma kalmomi biyu ne aka haɗa. "Pairi" na nufin kewaye, "daeza" kuma katanga ce, musamman wadda aka gina da yumɓu. Ke nan ma'anarta ta farko ita ce wurin da aka kewaye da katanga. Babu itace a cikin kalmar, babu ruwa, babu ni'ima. Katanga ce kawai. Rabin kalmar na biyu yana nan da ransa a Farisanci a siffar "dez", wato ganuwa ko sansani mai katanga, kuma shi ne ke farkon sunan garin Dezful da ke kudu maso yammacin Iran. Abin lura a nan shi ne Zaradashtawa ba su kira gidan ni'imar lahira da wannan suna ba. Kalmarsu ita ce "wahishta", ma'ana mafi kyau, wadda ta zama "behesht", kuma har yau da ita Farisawa ke kiran Aljanna. Saboda haka damuwar cewa an ɗauko sunan Aljanna daga aƙidar Majusawa ba ta da tushe, domin a wurinsu kalmar ta gini ce da noma.

Yadda katanga ta zama lambu ba abu ne mai wuyar fahimta ba ga wanda ya san yanayin tudun Iran. Ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama, mai iska da ƙura, inda ake jawo ruwa daga gindin duwatsu ta hanyoyin ƙarƙashin ƙasa kafin a shayar da shuka. A irin wannan wuri itace ba ya tsayuwa sai an kare shi, don haka duk inda matafiyi ya hango doguwar katanga a cikin fako, ya san akwai inuwa da ruwa a bayanta. Sannu a hankali sunan abin da ya kewaye ya koma kan abin da aka kewaye. Sarakunan daular Farisa ta farko, wadda Sairus Babba ya kafa wajen shekara ta 550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun mai da irin wannan lambu alamar sarauta, kuma har yanzu ana ganin magudanan ruwa na dutse a kufan lambun fadarsa a Fasargad.

Girkawa na cikin waɗanda suka fitar da kalmar zuwa yamma. Wani marubucinsu kuma soja, Zinofon, ya bi rundunar wani ɗan sarkin Farisa mai suna Sairus Ƙarami a shekara ta 401 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kuma bayyana wani katafaren "paradeisos" na wannan yarima, cike da namun daji da yake farauta a kan doki, ga kogi yana ratsa tsakiyarsa. A wani rubutun nasa ya ba da labarin da nake matuƙar so. Sairus ya zagaya da wani kwamandan yaƙi na birnin Sparta ta ƙasar Girka mai suna Lisanda cikin lambunsa na birnin Sardis, baƙon ya yi ta mamakin yadda itatuwa suka jeru a miƙe, tazarar da ke tsakaninsu daidai wa daida, ga ƙamshi yana bin su duk inda suka taka. Da ya yaba wa wanda ya tsara wurin, sai yariman ya ce shi da kansa ya auna ya tsara, wasu itatuwan ma da hannunsa ya dasa su. Lisanda ya dubi tufafinsa na alfarma da sarƙoƙin zinariyar da ke jikinsa, ya kasa gaskata cewa waɗannan hannaye sun taɓa ƙasa. Wannan shi ne abin da kalmar ke nufi a kunnen mutanen wancan zamani: lambun sarki, mai tsari, wanda ba kowa ke shigarsa ba.

Yahudawan da suka zauna ƙarƙashin mulkin Farisa su ma sun karɓe ta a siffar "pardes", kuma ta zo sau 3 a littattafansu na Ibrananci, duk da ma'anar lambu ko kurmin sarki na nan duniya. Babban sauyi ya zo ne a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da aka fassara Attaura zuwa Girkanci a birnin Iskandariyya na Masar. Da masu fassarar suka iso kan lambun da aka zaunar da Annabi Adamu (AS), sai suka ga babu kalmar da ta dace da shi kamar "paradeisos", tunda ita ce sunan mafi kyawun lambun da ɗan Adam ya sani. Daga nan kalmar ta sami ma'anar addini, ta shiga Linjila, ta shiga Suryaniyanci, harshen Kiristocin Sham da Iraƙi na dā, a siffar "pardaisa", ta shiga Latin, ta kuma bazu cikin harsunan Turai.

Yanzu sai Larabci, kuma a nan ne batun ya fi daɗi ga mai son sarfu. Larabci ba shi da harafin "p", don haka duk kalmar da ta shigo da shi sai ya koma "f" ko "b". Haka "Pars" ta zama "Faris", haka "pil", wato giwa, take "fil" a bakin Balarabe. Idan ka ɗauki "paradeisos" ko 'yar'uwarta ta Suryaniyanci ka mai da "p" ta zama "f", ka yar da ƙarshen da Girkanci ke liƙa wa sunaye, abin da zai rage shi ne "faradis". To, a kunnen Balarabe "faradis" jam'i ne tsantsa, domin ta hau ma'aunin kalmomi irin su "asafir", tsuntsaye, da "baradhin", dawakan kaya. Tunda tilon "baradhin" shi ne "birdhaun", sai harshen ya ƙera wa "faradis" tilo a kan wannan ma'auni, aka sami "firdaus". Wannan shi ne bayanin da masu binciken asalin kalmomi da yawa suka rinjayar, kuma ni ma shi na fi gamsuwa da shi, domin ya warware dalilin da ya sa siffar Larabcin ta yi nisa da ta asali. Akwai kuma shaida a ƙasa: masu ƙamusun Larabci sun rubuta cewa mutanen Sham suna kiran lambuna da gonakin inabi "faradis", kuma ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Dimashƙu sunanta Babul Faradis, saboda lambunan da ke bayanta. Ke nan Larabawa sun san kalmar, suna amfani da ita, kafin saukar wahayi.

A Alƙur'ani kalmar ta zo sau 2, a Suratul Kahfi aya ta 107 da Suratul Mu'minun aya ta 11. Ma'anarta a Musulunci kuwa hadisi ne ya fayyace ta, inda Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya umurci mai roƙo ya roƙi Firdausi, domin ita ce tsakiyar Aljanna kuma mafi ɗaukakarta, daga gare ta ne ƙoramun Aljanna ke ɓuɓɓugowa.

Ina so ka san cewa abin da abokinka ya faɗa ba sabon zance ba ne da Turawa suka zo da shi. Ɗabari ya kawo a tafsirinsa cewa Mujahid, almajirin Ibn Abbas, ya ce Firdausi lambu ne da harshen Rumawa, wato Girkanci. Malamai sun yi doguwar muhawara a kan ko akwai kalmomin da asalinsu ba Larabci ba a cikin Alƙur'ani. Imam Shafi'i, wanda ya rasu a shekara ta 204 bayan Hijira, ya ƙi yarda da haka, yana kafa hujja da ayoyin da suka siffanta Littafin da cewa Balarabe ne, yana kuma cewa Larabci ya fi ƙarfin wani mutum ya kewaye shi da sani in ba Annabi ba. Wasu kuma sun riƙe ruwayoyin magabata da suka ce "sijjil" daga kalmomin Farisanci biyu take, "sang" da "gil", wato dutse da laka, kuma "istabraƙ" daga kalmarsu ce mai nufin tufa mai kauri. Abu Ubaid Al-Ƙasim ɗan Sallam, wanda ya rasu a shekara ta 224, shi ne ya sulhunta ɓangarorin biyu. Ya ce tushen waɗannan kalmomi na wasu harsuna ne, amma sun faɗo hannun Larabawa, suka sarrafa su da harsunansu har suka zama Larabci, sannan Alƙur'ani ya sauka ya same su a cikin maganar Larabawa. Don haka wanda ya ce Larabci ne ya yi gaskiya, wanda ya ce baƙi ne shi ma ya yi gaskiya. Daga baya Jawaliƙi ya tara irin waɗannan kalmomi a littafi guda, Suyuɗi ma ya ware musu babi a cikin Al-Itƙan. Ra'ayin Abu Ubaid nake bi, kuma "firdaus" tana cikin misalan da suka fi ƙarfafa shi, tunda siffar tilon nan babu ita a Girkanci, babu ita a tsohon Farisanci, Larabci ne ya ƙera ta da kansa. Sunan 'yarka Larabci ne na Alƙur'ani, ka ci gaba da kiranta da shi cikin natsuwa.

TAMBAYA: Malam, na ji ana cewa babban mawaƙin Iran sunansa Firdausi. Wannan bai nuna cewa Farisawa sun riƙe kalmarsu tun asali ba?

AMSA: A'a, 'yar'uwa, kalmar ta fita ne ta dawo musu da rigar Larabci. Abul Ƙasim Firdausi, mutumin yankin Ɗus a Khurasan, wanda ya kammala Shahnama, doguwar waƙar tarihin sarakunan Farisa, a shekara ta 1010 Miladiyya cikin baitoci wajen 50,000, laƙabinsa daga "firdaus" ta Larabci aka gina shi, bayan Musulunci ya kai ta Iran. Harafin "f" da ke farkonsa shi ne shaida.

Amma tsohuwar kalmar ba ta mutu a gida ba, sauya kama ta yi. A tarihin Farisanci, inda "r" da "d" suka haɗu sukan narke su zama "l", kamar yadda tsohuwar kalmar shekara, "sard", ta koma "sal". Ta wannan hanya "pairi-daeza" ta zama "paliz". Shi kansa Firdausi ya yi amfani da "paliz" a waƙarsa da ma'anar lambu mai itatuwa, amma a bakin manoman Iran na yau ta sauko ta zama gonar kankana da kokwamba da dangoginsu. Akwai kuma siffa ta uku, "pardis", wadda aka farfaɗo da ita a zamanin nan, ana kiran harabar jami'a da ita, ana raɗa wa 'ya'ya mata, har akwai wani sabon gari mai wannan suna a gabashin Tehran.