Tambaya da Amsa: Wai an sa hannu ne, ko har yanzu yana majalisa?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk kan majalisar tarayya ne, wasu da zafi, har wani ya kira ni ɗan kanzagin gwamnati tun ban buɗe baki ba. Na ɗauki guda huɗu, na rage tsawon tambayoyin saboda fili.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Tun lokacin rigimar dokar haraji aka turo mana odiyo a gurup ɗin kasuwa wai an gama da Arewa, za a ninka VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan sayen kaya, Legas zata kwashe kuɗin, har gadon mamaci sai an cire wa gwamnati nata. Yanzu kuma ance an sa hannu. Abin da mukaji ɗin ne ya tabbata ko kuwa? Daga wani mai shago a kasuwar Singa, Kano.

AMSA: Alhaji abin da kukaji a odiyo daban, abin da aka sa wa hannu daban. Amma fa ba zan ce mai odiyon ƙarya ya shara tun daga farko har ƙarshe ba, ƙudirin farko yake magana a kai, shi kuma ƙudiri ba doka bane, kamar yadi ne a hannun tela, sai an yanka an ɗinka kafin kasan rigar da zata fito.

A watan Oktoban 2024 shugaba Tinubu ya aika wa majalisa ƙudirori huɗu na haraji, kwamitin Taiwo Oyedele ne ya tsara su. A ciki akwai maganar ɗaga VAT daga kashi 7.5 zuwa 10, sannan 12.5, har ya kai 15 a 2030, toh kaga mai cewa za a ninka bai yi ƙari ba. Amma inda aka fi yin ɗauki ba daɗi shine rabon kuɗin VAT ɗin. A tsohon tsari kason da jihohi suke rabawa tsakaninsu, kashi 50 daidai wa daida ne, 30 bisa yawan jama'a, 20 kuma bisa inda aka samo kuɗin. Ƙudirin yace wannan 20 ɗin ya koma 60. Nan gwamnonin Arewa da sarakuna suka zauna a Kaduna ƙarshen Oktoba sukace basu yarda ba, majalisar tattalin arziki ta ƙasa ma ta bada shawara a janye a sake tuntuɓa, shugaban yace a'a a bar majalisa ta yi aikinta. Zulum na Borno da Sanata Ndume sune kan gaba wurin ɗaga murya.

Me yasa kalmar "inda aka samo" ta tada hankali haka? Ka sayi kati na ɗari biyar a Gusau, kai ka biya VAT ɗin, amma kamfanin wayar hedikwatarsa na Legas, can yake zuba kuɗin a dunƙule, sai takarda ta nuna kamar Legas ce ta samo. Masu ƙudirin sun ce ai shi suke so su gyara, a koma lissafi da wurin da aka yi amfani da kayan. Su kuma gwamnoni suna cewa ina alƙaluman da za a yi wannan lissafin dasu, kada mu yarda da 60 a wayi gari ana ƙirgawa da tsohon ma'auni. Ni dai a ganina kowa na da ƙamshin gaskiya, kuma gari irin Kano da ake saye da sayarwa dare da rana bai kamata yaji tsoron lissafin inda aka kashe kuɗi ba, in dai za a yi shi tsakani da Allah.

Yadda ta ƙare: a Janairun 2025 gwamnonin ƙasar gaba ɗaya suka kawo nasu lissafin, 50 daidai wa daida, 30 inda aka yi amfani da kaya, 20 yawan jama'a, kuma kada a taɓa 7.5 ɗin. Haka majalisa ta ɗauka. A rabon VAT tsakanin matakan gwamnati kuwa, kason tarayya ya sauka daga 15 zuwa 10, na jihohi ya hau daga 50 zuwa 55, ƙananan hukumomi suna nan a 35. Maganar a daina baiwa TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, kuɗi nan da wasu shekaru itama aka cire. Batun gado kuwa kwamitin Oyedele ya dage cewa dama babu harajin gado a ciki, amma saboda lafazin ya ɗaure wa malamai kai sai majalisar wakilai ta gyara shi, har wata kalma da ta shafi coci kaɗai aka musanya ta da kalmar addini. An sa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, aka tsayar da 1 ga Janairu 2026 ranar fara aiki. Wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira dubu 800 ba babu harajin albashi a kansa.

Abin da nake so ka lura dashi Alhaji, zagin da aka sha a Facebook ya taimaka wurin jan hankali ban musa ba, amma abin da ya shiga cikin takardar doka shine lambar da wasu suka zo da ita a rubuce. Ba "bamu yarda ba" kawai suka ce suka tashi ba, cewa sukai ga 30 a madadin 60.

TAMBAYA: Dan Allah da gaske ne akwai dokar da tace in ka zagi gwamnati a soshiyal midiya rataye ka za ayi? Babana ya hanani yin rubutu saboda ita. Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Ƙanwata babu wannan dokar, amma kada ki yi saurin zuwa ki ce wa Baba yayi kuskure. Ƙudirori biyu ne mutane suke cakuɗawa, duk na Nuwamban 2019, kuma abin mamaki duk daga sanatocin jihar Neja suka fito. Na Sanata Aliyu Sabi Abdullahi kan kalaman ƙiyayya ne, shi ne mai maganar rataya, kuma ba zagin gwamnati yace ba, cewa yayi in kalaman mutum suka jawo aka rasa rai. Da surutu yayi yawa shi da kansa yace za a cire hukuncin kisan. Na Sanata Sani Musa kuma kan yaɗa ƙarya a intanet ne, tarar naira dubu 300 ko ɗaurin shekara uku. Wannan har ya tsallake karatu na biyu, sai a zaman jin ra'ayin jama'a na Maris 2020 mafi yawan waɗanda suka yi magana suka yi masa ca, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ko ɗaya bai zama doka ba.

Sai dai tsugune bata ƙare ba. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015, sashe na 24, da ita aka sha kama 'yan jarida da masu rubutu, an yi mata gyara a 2024 an rage faɗinta amma tana nan da ranta, ga kuma dokokin ɓata suna. Toh kinga an yi ta kokawa da wadda ke tafe alhali wadda ke cizo tana cikin ɗaki tun tuni. Ki yi rubutunki, abin da baki da hujjarsa kada ki liƙa wa mutum da sunansa.

TAMBAYA: Kullum sai an gama muke ji. Mu talakawa ta ina zamu sa baki tun kafin a gama ɗin? Daga wani malamin firamare a Azare.

AMSA: Malam ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ihu bayan hari shine cutarmu. Ƙudiri karatu uku ake masa a kowace majalisa, ta dattawa mai mutum 109 da ta wakilai mai 360. Na farko suna kawai ake karantawa, ko minti ɗaya baya kaiwa. Na biyu a yi muhawara kan manufarsa, in ya wuce a miƙa wa kwamiti. Toh nan ne wurin, a hannun kwamiti ake cire sashe a sa sashe, nan ake kiran jama'a su kawo ra'ayi. In ya kai karatu na uku magana ta kusa ƙarewa, sai a daidaita na majalisun biyu a kai wa shugaban ƙasa, yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi majalisa na iya tsallake shi da kashi biyu cikin uku, an taɓa yi wa Obasanjo haka a 2000 kan dokar hukumar raya Neja Delta, amma ba abu ne da ake gani kullum ba.

Ka taɓa kallon zaman jin ra'ayin nan a talabijin? Ka duba waɗanda ake miƙa wa makirufo. Lauyan ƙungiyar masana'antu ne da takardarsa an buga an ɗinke, yace sashe kaza layi kaza muna so a mayar dashi kaza, 'yan mintoci ya zauna, akawun kwamiti ya karɓa ya ajiye. Mu kuma a daidai wannan lokacin muna teburin mai shayi, ni da idona naga an kunna odiyo ɗaya sau uku a waya mai fasasshen gilashi, mutum takwas suna musu har shayin ya huce, da na tambaya waye ya ga takardar sai kowa ya kalli na kusa dashi.

Ba sai ka je Abuja ba. Kana da ƙungiyar malamai, 'yan kasuwa na da tasu, direbobi na da tasu. A nemo ƙudirin, a samu mai turanci da lauya ko ɗaya ne su zauna, a rubuta shafi biyu a kai ofishin ɗan majalisarku na mazaɓa a karɓi shaidar an karɓa, a aika kwafi wa kwamitin. Kuma a sa ido da wuri don wani ƙudirin gudu yake kamar an koro shi, na dawo da tsohon taken ƙasa a Mayun 2024 cikin kusan mako ɗaya aka gama har da sa hannu, alhali na man fetur tun 2008 ake jansa sai 2021 ya zama doka.

TAMBAYA: 'Yan sandan jihohi, kana goyon baya ko a'a? Ka faɗa kai tsaye banda kwana-kwana. Daga wani manomi a Tsafe.

AMSA: Ina goyon baya, da sharaɗi. Wanda yake Tsafe ba sai an masa bayanin me yasa ake son jami'in da yasan daji da hanyoyinsa ba. Amma ka tambayi dattawan da suka ga zamanin 'yan dokan En'e, wato 'yan sandan hukumar gargajiya, yadda 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU suka sha a hannunsu kafin sojoji su haɗe 'yan dokan da 'yan sandan tarayya, zaka gane me yasa wasu suke ɗari-ɗari da baiwa gwamna bindiga da ɗakin tsare mutane. Sharaɗina shine naɗa kwamishina da cire shi kada ya zama a aljihun gwamna shi kaɗai, kuma albashinsu ya zama yana da hanyar da ba za a riƙe shi wata shida ba, don ɗan sanda mai yunwa da bindiga wani sabon bala'in ne.

Kuma wannan ba irin ƙudirin da ake bugun guduma a wuce bane. Kundin tsarin mulkin 1999 a sashe na 214 rundunar 'yan sanda ɗaya tal ya kafa wa ƙasar, dole sai an gyara shi, gyaran kuma sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa a Abuja sun yarda, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince. Ma'ana 'yan majalisar da ke Gusau suma suna da ƙuri'a a ciki, kuma ɗan majalisarku na jiha ya fi sanata sauƙin samu, ranar ɗaurin aure ko jana'iza ma zaka iya tare shi ka tambaye shi wane sharaɗi zai nema kafin ya ɗaga hannu.