Filin Lafiyarmu: An sa L a gaban MCH a takardar jinin mai ɗakina

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya, barka da ƙoƙari. Ni manomin shinkafa ne a wani ƙauye ta wajen Kura. Mai ɗakina ta haihu wata huɗu kenan, haihuwa ta biyar, tun daga lokacin kullum jiri da kasala, ko daka ta fara sai ta zauna tana haki, ga cin farar ƙasa da ta koma yi kamar lokacin da take da ciki. A asibitin garinmu an auna PCV an ce 30, daga baya muka shiga Kano aka yi babban gwajin jini, na ga an rubuta Hb 9.2, RBC 4.2, MCH 21.9 an sa harafin L a gabansa. Mai kemis ya ce in saya mata maganin ƙarin jini na kwalba in dinga haɗa mata malta da madara. Dan Allah mene ne wannan MCH ɗin, cuta ce? Daga wani mai karatu, ƙaramar hukumar Kura.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya raya abin da aka samu, ya ba mai jego lafiya. Na ji daɗi da ka kwafo lambobin yadda suke a takarda, da su za mu yi aiki.

MCH ba sunan cuta ba ne, awo ne. A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi, a cikin kowace ƙwaya akwai wani sinadari da ake ce ma himogulobin, shi ne Hb ɗin da ka gani, shi ke ba jini launin ja kuma shi ke ɗaukar iskar da muke shaƙa daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki. Kai manomi ne, to ka ɗauka kowace ƙwaya buhu ce, himogulobin kuma shinkafar da ke ciki. RBC yana faɗa maka buhu nawa ne a rumbu, MCH kuma yana faɗa maka in aka raba daidai mudu nawa ne a kowane buhu. Ai ka san mutum zai iya jera buhu arba'in a tsakar gida a yi ta masa barka, amma in kowane buhu rabi ne to shi ya san abin da ya noma.

Lissafin ma ba wuya, na'ura ce ke yi amma kai ma za ka iya da wayarka: a ninka Hb sau 10 a raba da RBC. Na iyalinka 9.2 sau 10 ya zama 92, a raba da 4.2, ya ba da 21.9, daidai da abin da aka rubuta. Ma'aunin shi ne fikogiram, a takarda za ka ga pg, wani ɗan mitsitsin nauyi ne da sai an tara tiriliyan ɗinsa kafin a samu giram ɗaya. Na babban mutum mai lafiya yakan kama daga wajen 27 zuwa 32 ko 33, kowane lab da ɗan bambancinsa shi ya sa suke rubuta nasu iyakar a gefe. Harafin L yana nufin ya yi ƙasa, H kuma ya yi sama. To ka ga buhunan nata ba su yi wani ƙaranci ba, 4.2 ba laifi ga mace, abin da ke cikinsu ne ya gaza. Kuma Hb 9.2 ƙarancin jini ne ba shakka, domin a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya mace mara ciki in ta gaza 12 tana da ƙarancin jini, mai ciki 11, namiji 13. Ka duba takardar da kyau akwai wani layi MCV kusa da shi, wannan girman buhun kansa yake aunawa, daidai shi ne 80 zuwa 100, in aka yi lissafi da PCV 30 ɗin da ka ambata, wato kason da jajayen ƙwayoyi suka ɗauka a cikin jini, nata zai zo wajen 71, don su biyun tare suke sauka.

Abin da ya fi jawo haka a wajenmu shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda ma'aikatan asibiti ke ce ma ayon, da shi jiki ke ƙera himogulobin. Labarin da ka bayar ma ya nuna can, haihuwa biyar, kowane ciki yana ɗibar ayon daga jikin uwa ya ba jariri, a zubar da jini wajen haihuwa, kafin jiki ya maida abin da ya rasa wani cikin ya shigo. Cin farar ƙasar nan kuwa kar a yi mata faɗa a ce kwaɗayi ne, alama ce sananniya ta ƙarancin ayon, wasu ƙanƙara suke ta tauna, kuma yawanci in ayon ya dawo sha'awar tana tafiya da kanta.

Amma fa Malam inda nake so ka tsaya shi ne nan: in tulu yana yoyo, ɗebo ruwa kaɗai ba ya cika shi. Dole a tambaya ta ina ayon ɗin ke fita. Jinin biƙi ya ɗauke a kan lokaci ko har yanzu tana gani? In al'ada ta dawo, tana zuba da yawa da guda-guda? Tana da gyambon ciki, ko tana yawan shan magungunan ciwon jiki na kemis irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda kan sa ciki ya dinga tsiyayar jini ba a sani ba? Sannan ku mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam kuna zaune ne a bakin ruwan da ke gangarowa daga dam ɗin Tiga, ko ba ta zuwa gona in tana wanki ko ɗiban ruwa a kanal to tsargiya na iya kama ta, ga tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa in ana yawo ba takalmi a ƙasa mai laima, ta maƙale a hanji tana shan jini a hankali shekara da shekaru. Gwajin fitsari da na bahaya ba su da tsadar da za a ce ba za a yi ba, kuma wallahi sau da yawa a nan ake kamo ɓarawon. A haɗa da gwajin maleriya. In da hali a yi gwajin feritin, shi ke nuna ajiyar ayon da ta rage a jiki, irinsa sai manyan lab ko asibiti kamar na Malam Aminu Kano.

Malta da madara kuma, gaskiya abin nan yana ci min rai, don kuɗin talaka ne ke tafiya a banza. Madara ba ta da ayon na a zo a gani, sinadarin kalsiyam da ke cikinta ma yana rage yadda hanji ke tsotsar ayon ɗin, malta kuwa yawancinta sukari ne. Kuɗin kwana uku na wannan haɗin ka kai wa mahauci ya yanko maka hanta ya fi mata amfani nesa ba kusa ba. Hanta, nama, kifi, su ne kan gaba, sai wake da zogale da alayyahu da miyar kuka, a bi da lemo ko gwaiba don bitamin C yana taimaka wa jiki ya karɓa. Shayi kuma a nisanta shi da lokacin cin abinci da na shan magani kamar awa ɗaya zuwa biyu, yana riƙe ayon.

Sai dai wanda Hb ɗinsa ya sauka zuwa 9 abinci kaɗai ba zai fidda shi da wuri ba. Ku koma wa likita da takardar, mai yiwuwa ya rubuta ƙwayar ayon irin jar nan da ake bayarwa wajen awo tare da folik asid, tana da araha kuma ta fi yawancin na kwalba ƙarfi. Bahaya zai yi baƙi, wani lokaci ciki ya ɗaure, kar ta tsorata ta daina, ta gaya wa likita ya sauya mata yadda za ta sha. Bayan wata ɗaya a sake auna Hb, ya kamata a ga ya motsa. MCH shi yana jinkirin tashi, saboda jar ƙwaya tana rayuwa kusan kwana 120, sai tsofaffin sun ƙare sababbi cikakku sun maye gurbinsu. Kuma ko jini ya dawo daidai akan ci gaba da sha kamar wata uku don a cika rumbu. In an sha yadda ya kamata amma MCH ya ƙi tashi, akwai wani gado da ake ce ma talasimiya, nau'in alfa ɗinsa yana nan a Afirka ta Yamma, mai shi ƙwayoyinsa ƙanana ne tun haihuwa kuma ayon ba ya gyara shi, likita zai duba wannan.

Abu ɗaya da ba zan bari ya wuce ba shi ne hakin nan. In ya kai tana haki tana zaune, ko ba ta iya kwanciya sai an tara mata filo, ko ƙafa ta kumbura, kar a jira wata ɗaya, a tafi babban asibiti a ranar. Akwai ciwon zuciya da ke kama mata a watannin bayan haihuwa kuma yana da yawa a Kano, ana iya ɗauka ƙarancin jini ne kawai alhali zuciya ce.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ɗana mai shekara tara sikila ne, likita ya ɗora shi kan hydroxyurea, yanzu MCH ɗinsa 35 an sa H, hankalina ya tashi. In daina ba shi? Daga wata uwa, ta wajen Ringim.

AMSA: Lafiya lau 'yar uwa, kwantar da hankalinki, kar ki daina sai da izinin likitansa. Wannan maganin dama yana sa jajayen ƙwayoyi su ƙara girma, MCV da MCH su hau, likitoci ma suna duba hakan su gane yaro yana shan maganin. A wanda ba ya shan irinsa ne hawan MCH ke sa a nemi ƙarancin bitamin B12 ko folik asid, ko ciwon hanta. Abin da likitan zai fi sa wa ido a takardar ɗanki shi ne fararen ƙwayoyin jini da waɗanda ke tsaida zubar jini, don maganin na iya rage su, shi ya sa ake cewa ku dinga dawowa gwaji. Kuma dan Allah kar ki saya masa maganin ƙarin jini mai ayon a kemis, musamman in an taɓa ƙara masa jini sau da yawa, don kowace leda tana zuwa da nata ayon ɗin kuma jiki ba shi da hanyar fitar da rarar. Ranar asibiti ki tafi da tsofaffin takardun gwajin duka a jera su a gani.