Na shiga Amurka da bizar ziyara, zan iya mayar da ita ta karatu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na zo Amurka ziyarar yayana da bizar B-2, sai wata jami'a ta ba ni gurbin karatun digiri na biyu. Bizar da ke fasfona tana da sauran fiye da shekara. Zan iya fara shiga aji in sauya takarduna a nan, ko dole sai na koma gida? Kuma idan na gama karatun, yaya zan yi in koma bizar aiki?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin komai, kada ka taka ajin nan tukuna. Dokar Amurka ta hana mai bizar ziyara yin rajistar karatu irin wannan har sai an amince da sauya masa matsayi. Wanda ya yi gaban kansa ya fara, ya karya sharaɗin zamansa, kuma wannan kaɗai ya isa a ƙi buƙatarsa.

Na lura ka dogara da kwanan watan da ke jikin biza. Ba shi ne abin dubawa ba. Biza kamar katin gayyata ce, iyakarta ta kai ka bakin ƙofa. Jami'in da ya duba ka a filin jirgi shi ya yanke tsawon zamanka, ya shigar da shi a takardar I-94, wadda za ka iya buɗewa a shafin intanet na CBP, hukumar kwastam da tsaron iyakokin Amurka. Mai ziyara yawanci wata shida ake ba shi. Ka duba ranar ƙarewar da ke jikinta yau ɗin nan, domin duk lissafinka a kanta zai tsaya.

Idan wa'adin bai cika ba, hanya a buɗe take. Jami'ar za ta ba ka takardar I-20, shaidar cewa ta karɓe ka a matsayin ɗalibi, muddin tana cikin makarantun da aka amince su ɗauki ɗalibai 'yan ƙasashen waje. Sai ka biya kuɗin SEVIS, wato rajistar baƙin ɗalibai, dala 350, ka cike fom ɗin I-539 na neman sauya matsayi ka aika wa hukumar shige da fice ta USCIS tare da shaidar cewa kana da kuɗin makaranta da na zama. Sharaɗin shi ne fom ɗin ya isa hannunsu kafin ranar I-94 ta wuce. A da sai mutum ya riƙa neman ƙarin wa'adin ziyara don ya cike tazarar da ke tsakaninsa da ranar buɗe makaranta, amma a 2021 hukumar ta sauke wa masu neman matsayin ɗalibi, wato F-1, wannan nauyi. Jiran amsa kan ɗauki watanni, sai dai tun 2023 ana iya biyan ƙarin kuɗi a gaggauta. Yayin jiran ba karatu, ba aiki, ba kuma fita daga ƙasar. Ka fita ko da na kwana biyu ne, za a ɗauka ka janye buƙatarka.

Inda ya fi kamata ka natsu shi ne batun niyya. Lokacin da ka nemi biza, ka ce ziyara za ka zo ka koma. Mai duba fayil ɗinka zai ajiye ranar da ka sauka kusa da ranar da ka nemi gurbin karatu. Idan ya ga ka aika wa jami'ar takardu tun kana gida, sannan ka shigo ka ce wa jami'i gaisuwa ka zo, zai yi zargin tun farko karatu ya kawo ka ka ɓoye. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ma tana da ƙa'idar kwana 90: wanda ya aikata abin da ya saɓa wa bizarsa cikin kwana 90 da shigowa, ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya yi ƙarya a bakin ƙofa har sai ya wanke kansa. Hukuncin ƙaryar neman biza kuwa hana shiga ne na har abada. Saboda haka ka rubuta wasiƙa gajera ka haɗa da fom ɗin, ka faɗi yadda maganar karatun ta taso da ranakunta, gaskiya tsagwaronta.

Ko an amince ma, takardar amincewa za a aiko maka, ba za a buga maka sabuwar biza a fasfo ba. Ranar da ka je gida hutu, sai ka shiga layin ofishin jakadanci ka nemi bizar F-1 kafin ka dawo. Shi ya sa a ganina, idan da sauran lokaci kafin zangon karatu, komawa gida a nemo bizar kai tsaye ya fi tsafta. Ana iya hana ka a can, wannan gaskiya ne, amma ka fita fes ba tabo. Idan kuwa an ƙi ka a nan bayan I-94 ta ƙare, kwanakin zama ba bisa ƙa'ida ba za su fara hawa kanka. Suka wuce 180 ka fita, hanin shekara 3 ne. Suka kai shekara guda, shekara 10.

A gefe guda, kada ka ɗauki shawarar abokin da ke Birtaniya ka ɗora a kan Amurka. A can mai bizar ziyara ba ya sauyawa zuwa ta karatu daga cikin ƙasar sam, sai ya fita ya nema. Kuma tun Yulin 2023 ɗalibi ba ya tsallakawa bizar aiki sai ya kammala kwas ɗinsa, ban da mai digirin digirgir da ya yi wata 24.

Batun aiki bayan karatu, matakin farko shi ne OPT, izinin aiki na wata 12 a fannin da ka karanta. Masu kimiyya, fasaha, injiniya da lissafi suna iya ƙarin wata 24. Ana nema daga kwana 90 kafin kammalawa zuwa kwana 60 bayanta, kuma jami'in makaranta mai kula da baƙin ɗalibai, wanda ake kira DSO, shi zai fara sa hannu. Daga nan sai bizar aiki ta H-1B, wadda ba kai ke nema ba, kamfanin da ya ɗauke ka ne. Gurabenta 65,000 ne a shekara, da ƙarin 20,000 ga masu babban digiri daga jami'o'in Amurka, wato irin wanda za ka yi. Ana rajista a watan Maris, masu nema kuma sun fi guraben yawa, don haka ba kowa ake zaɓa ba. Dokokin wannan bizar da kuɗinta suna yawan sauyawa, sai ka sake dubawa idan lokacin ya matso.

A wannan makon ka buga I-94 ɗinka, ka je wurin DSO na jami'ar, ka tambaye shi ko za su ɗage maka ranar farawa zuwa zango na gaba idan amsa ta yi jinkiri. Idan kuma ka nemi gurbin ne kafin ka shigo, ka ga lauyan shige da fice kafin ka aika kowane fom.